Ciwo a ka, huji a hannu ko a cinya: bayani ga iyalan da za a sa wa majinyacinsu raga a jijiyar ƙwaƙwalwa

Idan hoton kai ya nuna jijiyar jini ta kumbura a ƙwaƙwalwar mutum, likita kuma ya ce za a gyara ba tare da an fasa ƙoƙon kai ba, 'yan uwa kan yi hamdala. Sai kuma a ce musu ta wuyan hannu za a shiga, ko ta matsematsi, nan kai ya ɗaure. Mu ma'aikatan jinya a Kano muna shan tambayar wace hanya ce ta fi, musamman daga masu riƙe da takardar asibitocin Abuja, Legas, Masar ko Indiya, inda aka fi tura masu irin wannan larura. Wani ya ce an faɗa masa ta hannu ce ta zamani, wani ya ce ta cinya ce ta ainihi, ta hannun ha'inci ne. Duk ba haka abin yake ba.

Ita larurar, bangon jijiya ne yake yin rauni a wuri guda, jini ya yi ta dukansa har ya turo waje, kamar yadda tiyub ɗin keke yake yin ƙulu a inda ya yi rauni. Kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna da irin wannan kumburi, galibinsu har su koma ga Allah ba su sani ba, domin bai taɓa fashewa ba. Hawan jini da shan taba su ne manyan masu rura shi, yakan bi jini a wasu gidaje, mata sun fi maza samu, masu sikila ma suna cikin waɗanda ake sa wa ido. Ranar da ya fashe kuwa ba ta ɓuya: ciwon kai ne farat ɗaya wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba, da amai, da sanƙarewar wuya, wani lokaci da suma. Wanda ya ga haka kada ya ba da asfirin, kada ya jira gari ya waye. A nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, addu'a da tofi a yi su a cikin mota.

Aikin ragar kansa ga yadda yake. Ana huda jijiyar jini da allura, a zura siririyar waya, a bi ta da bututu mai laushi, likita yana kallon tafiyarsa a allon na'urar hoto har ya ratsa ƙirji da wuya ya isa cikin kai. A nan ake sakin wata 'yar raga ta ƙarfe mai siffar bututu, wadda likitoci ke kira sitent, ta buɗe ta manne a bangon jijiyar. Wani lokaci aikinta ta tokare 'yan murɗaɗɗun wayoyi da aka cusa a cikin kumburin. Akwai kuma mai ƙananan idanu sosai wadda ke karkatar da jini ya wuce bakin kumburin, jinin da ke ciki ya daskare, wurin ya toshe a hankali cikin watanni. Ko ta hannu aka shiga ko ta cinya, ragar ɗaya ce, inda za ta zauna ɗaya ne. Mashiga ce kawai ta bambanta.

To me ya sa ake damuwa da mashiga? Saboda maganin tsinka jini. Jini yana son daskarewa a jikin ƙarfe, don haka kafin aikin ake ɗora mutum kan magani biyu, galibi asfirin da clopidogrel, a lokacin aikin kuma a ƙara masa wani ta jijiya. Mutumin da jininsa ya tsinke haka, hujin da aka yi masa ba ya saurin rufewa.

Jijiyar matsematsi babba ce, tana karɓar bututu mai kauri ba gardama, hanyarta zuwa wuya kuma likitoci sun daɗe da saninta. Da ita aka yi shekara da shekaru ana aiki. Illarta ita ce tana can ciki, ƙarƙashin tsoka da kitse. Idan ta yi yoyo, jini na iya taruwa a cinya, ko ya zurara ta baya cikin ciki inda ido ba ya gani, sai dai a ga majinyaci yana gumi, yana kukan ciwon baya, awon jininsa yana sauka. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma shi ne abin da ke hana mu barci a daren farko. Shi ya sa ake kwantar da mutum rigingine, ƙafa a miƙe, awa biyu zuwa shida gwargwadon yadda aka rufe hujin. Dattijo mai ciwon baya ya san wuyar wannan, haka wanda bai saba fitsari a kwance ba. Ga kuma kunya: sai an aske wurin, sai an riƙa ɗaga mayafi ana dubawa. Na ga iyayenmu mata da wannan ya fi damunsu a kan aikin kansa.

Ta wuyan hannu kuwa ita ce jijiyar da muke dafawa da yatsa mu ji bugun zuciya, ɓangaren babban yatsa. Tana kusa da fata, ƙashi na bayanta, in ta yi jini ana gani nan take a danne. Bayan aiki ana ɗaura mata wani abu mai kama da agogo, ana rage masa iska kaɗan-kaɗan, mutum yana zaune yana shan kununsa. Likitocin zuciya ne suka buɗe wannan hanya: Lucien Campeau a Kanada a 1989, sannan Ferdinand Kiemeneij a Amsterdam ya fara sa raga ta nan a farkon shekarun 1990. Wani babban bincike mai suna RIVAL da aka fitar a 2011, kan masu ciwon zuciya sama da 7,000, ya nuna matsalolin wurin huji sun fi ƙaranci ta hannu. Likitocin ƙwaƙwalwa sun biyo baya ne daga bisani, kuma abin da asibitocinsu suka tattara ya tafi a kan haka: kumburin yana toshewa daidai ta kowace hanya, matsalar mashiga ta fi sauƙi ta hannu.

Amma hannun ma da nasa. Faɗin jijiyarsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, a ƙananan mata ma ya kan gaza haka, ga shi ragar ƙwaƙwalwa tana bukatar bututu mai ɗan kauri. Jijiyar takan murɗe ta cije bututun, ko da an sa mata maganin saki. Takan kuma toshe bayan aiki a wasu mutane kaɗan, kodayake yawanci ba sa jin komai, domin akwai jijiya ta biyu ɓangaren ƙaramin yatsa da ke ciyar da tafin hannu. A wasu, kwanar da bututu zai sha daga kafaɗa zuwa wuya ta yi tsanani. Idan haka ta faru a tsakiyar aiki, likita kan bar hannu ya koma cinya, shi ya sa ake wanke wuraren biyu tun farko. Don haka in majinyacinku ya fito da filasta biyu, ba kuskure aka yi ba. Mai ciwon ƙoda kuma ya faɗa da bakinsa tun kafin a tambaye shi, saboda jijiyar hannu ita ake tanada don wankin ƙoda nan gaba, ruwan da ake ɗura wa jijiya don ɗaukar hoto ma yana wahalar da ƙoda.

A ganina tambayar da ta fi amfani ita ce a ce wa likita: "Wace hanya ka fi sabawa da ita, kuma me ka gani a hotonsa da ya sa ka zaɓe ta?" Hannun da ya ƙware ta cinya ya fi min wanda ke koyon ta hannu a jikin ɗan uwana.

Bayan an dawo gida, wanda aka shiga ta cinya ya guji tsuguno mai tsawo a bayi, da ɗaukar jarka, da hawa babur na kamar mako guda. Salla ya yi ta a zaune a kan kujera har likita ya sallame shi. Wadda aka shiga ta hannu ta bar daka, da matsar wanki, da jan guga, kuma kada ta dogara da wannan hannun wajen tashi daga sujada a kwanakin farko. Kumburi mai girma ko mai harbawa a wurin hujin, yatsu ko ƙafa su yi sanyi ko su dushe, jini ya ɓalle: a danne da ƙarfi a tafi asibiti. Karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar ɓarin jiki kuwa ko minti ɗaya ba a jira.

Inda muka fi samun ɓaraka shi ne magani. Mutum ya ji garau, kwalin da ya zo da shi daga waje ya ƙare, sai ya ce ai ya warke. Ragar tana nan, kuma kafin naman jijiya ya lulluɓe ta ana ɗaukar watanni. Tsayar da maganin da ka yana iya toshe ta ya jawo shanyewar ɓarin jiki. A tanadi na gaba tun saura na mako biyu. Muddin ana shansa, ba ƙaho, ba tsaga wajen wanzami, ba cire haƙori sai likitan haƙori ya sani, ba kuma sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis don ciwon jiki. In azumi ya zo, a tambayi likita yadda za a mayar da lokacin sha zuwa sahur ko buɗa-baki. Takardar da ke ɗauke da sunan ragar da faifan hotunan a adana su wuri guda, domin za a nemi a sake hoton jijiyoyin bayan kamar wata shida, kuma duk ranar da aka ce za a yi hoton MRI, wato na na'ura mai maganaɗisu, takardar za a fara tambaya.