Guguwar ƙanƙarar Murree: amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Da zarar sanyi ya kama sai tambayoyin nan su dawo, galibi daga iyayen da 'ya'yansu ke karatu a ƙasashen sanyi. Ga amsa a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Ina ne Murree?

Ƙaramin gari ne a kan duwatsun lardin Punjab na Pakistan, arewa maso gabas da Islamabad. Baƙi masu yawon buɗe ido ne abincinsa.

Me ya faru?

Ranar Juma'a 7 ga Janairun 2022 da dare, dusar ƙanƙara ta zuba fiye da mita 1, iska ta kayar da bishiyoyi a kan titi. Dama dubban motocin 'yan kallo sun cika garin maƙil. Motoci kusan 1,000 suka maƙale, mutum 23 suka rasu, ciki har da ƙananan yara. Allah Ya jiƙansu.

Sanyi ne ya kashe su?

Wasu. Da yawa hayaƙin mota ne. Sun rufe gilashi, sun kunna hita, ƙanƙara ta toshe salansa, guba ta dawo ciki. Ba ta da wari, barci kawai take sa mutum. Irin abin da janareta ke yi a rufaffen ɗaki ne, kun san shi.

To idan na maƙale, in kunna inji ko in kashe?

Nan ne nake so ku natsu, don amsar ba ɗaya ba ce. Shawarar masu aikin ceto ita ce ka zauna cikin mota, ka kunna inji kamar minti 10 a kowace awa, sauran lokacin a kashe. Amma sai in ka fita ka share bakin salansa kafin kowace kunnawa, ka kuma sassauta gilashin da ba ya fuskantar iska. In ƙanƙarar na zuba da ƙarfin da za ta sake binne salansar nan take, bar injin a kashe, ku haɗa jiki, ku lulluɓa, ku riƙa motsa hannu da ƙafa. Kada kowa ya yi barci lokaci guda. In ka ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, kashe inji, buɗe ƙofa. Fita da ƙafa fa? In ga gida nan kana kallonsa dab da kai, kuma kana da kayan sanyi, mai yiwuwa ya fi. In ba ka ganin gabanka, ko kana tare da yara ko tsoho, kada ka kuskura. Mota ta fi mutum sauƙin ganowa.

Mutanen garin fa?

Kowa sai ya tambayi labarin baƙi, ya manta da masu gida! An rufe hanyar shiga garin, ciniki ya tsaya cak. Cikinsu akwai waɗanda suka fito da barguna da abinci suka bi motoci. Akwai kuma masu otal da aka zarga da ninka kuɗin ɗaki a wannan dare, har aka yi ta kiran a ƙaurace wa garin. Wannan abin kunya ne, kuma talakan Murree da bai ci ba bai sha ba shi ya biya.

An hukunta wani?

Gwamnatin Punjab ta cire jami'ai 15. Hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗi kwanaki kafin ranar, ba a tsayar da motoci a kan lokaci ba.

In hana ɗana zuwa kallon ƙanƙara?

A'a, Hajiya, kwantar da hankalinki. Ya duba hasashen yanayi, in an yi gargaɗi ya zauna a ɗakinsa.