Tawayen Bayi Musulmi a Bahiya, 1835: Tambayoyi da Amsoshi

Yaya aka yi Hausawa suka tsinci kansu a Barazil?

Yaƙi ne ya kai su. Daga 1804 jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jefa mutane da dama hannun masu kamu, ɓangaren da ya yi nasara da wanda aka ci duka sun rasa mutane. Bayan haka daular Oyo ta wargaje. Ana kora kamammu zuwa bakin teku, Legas da Badagiri da Wida, a loda su a jirgi zuwa Salbado, babban birnin lardin Bahiya a Barazil. A can Hausawa ne suka fara ɗaga kai: an bankaɗo shirinsu na tawaye a 1807, kuma a 1814 suka jagoranci wani boren a wuraren kamun kifi na Itapuwa, kusa da birnin.

To tawayen 1835 na Hausawa ne?

Mafi yawan mayaƙan wannan tawaye da aka yi a Salbado Yarabawa ne Musulmi, waɗanda ake kira Nago a can. Sunan da aka ba tawayen, Male, daga kalmar Yarabanci "imale" ya fito, wato Musulmi. Akwai Hausawa da Nufawa a ciki. Cikin malaman da aka tuhuma har da Dandara, Bahaushe ɗan kasuwar taba da ya riga ya sami 'yanci, da Luis Sanim, Banufe.

Bawa da ke ƙarƙashin ido, ina ya ga sararin shirya yaƙi?

Bawan birni ba kamar na gonar rake ba ne. Da yawa suna fita neman kuɗi da kansu, dako ko ɗaukar mutane a kujera ko sana'ar hannu, su biya ubangijinsu wani adadi da aka yanka, saura nasu. Suna taruwa a kusurwar titi suna jiran aiki, kowace ƙabila da matattararta. Suna adashi don fansar kai. A ɗakunan haya kuwa malamai na koyar da karatu a allo, ana salla tare, ana rubuta laya. 'Yan sanda sun kwashe takardu da rubutun Larabci daga jikin waɗanda suka faɗi, suka ɗauka duk saƙonnin yaƙi ne, alhali galibinsu ayoyi ne da addu'o'in tsari.

An zaɓi asubahin Lahadi 25 ga Janairu 1835, cikin kwanakin ƙarshe na Ramadan, ranar da mutanen gari suka tafi bikin coci a unguwar Bonfim. Dabarar ita ce a fito lokacin da bayi ke fita ɗibar ruwa, a ja su cikin tafiyar, sannan a fice daga birni a haɗu da bayin gonakin rake.

Me ya ɓata shirin?

Magana ta fita. Wata 'yantacciyar baiwa, Guilhermina Rosa de Souza, ta ji labari ta kai wa hukuma ranar Asabar da dare. Wajen ƙarfe 1 na dare jami'an hukuma suka kutsa gidan Manoel Calafate, ɗaya daga cikin jagororin tawayen, sai mutum kusan 60 sanye da fararen riguna suka fito da takubba, sa'o'i kafin lokacin da aka tsara. Sauran ƙungiyoyi ba su gama shiri ba. Sun nufi kurkuku don kuɓutar da malaminsu Pacífico Licutan, wanda aka tsare saboda bashin ubangidansa, suka kasa. Bindigoginsu 'yan kaɗan ne. Hanyar fita gari kuma ta bi ta gaban barikin sojan doki a Água de Meninos, a nan aka tarwatsa su. Kimanin mutum 600 suka shiga, kusan 70 suka mutu.

Wane hukunci ya biyo baya?

An harbe mutum 4 ranar 14 ga Mayu 1835, da aka rasa mai yarda ya rataye su. Licutan an yanke masa bulala 1,000, ana yi masa 50 a rana. 'Yantattu da yawa aka kora zuwa Afirka. Jikokin masu komowa daga Barazil su ne Aguda na Legas da Wida, da Tabom na Akara.

Tawayen ya taimaka wajen hana bauta?

Ba nan take ba, sai ma aka tsaurara doka a watan Yuni na shekarar. Amma ya bar tsoro a zukatan masu mulki game da ci gaba da shigo da 'yan Afirka. Dokar 1831 da ta hana fataucin bayi a takarda kawai take, har mutanen ƙasar na cewa an yi ta ne don Ingila ta gani. Wannan tsoro da matsin jiragen yaƙin Ingila suka taru har aka yi dokar 1850 da ta tsayar da jigilar da gaske. Bautar kanta ta ƙara shekara 38, da gudun bayi daga gonaki da gwagwarmayar masu neman a soke ta, kafin Gimbiya Isabel, 'yar sarkin Barazil, ta sa hannu a dokar 13 ga Mayu 1888 da ta soke bauta. Barazil ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta yi haka.