Mai da bitamin masu narkewa a cikinsa

Mai da kitse dangi ɗaya ne a ilimin sinadaran jiki, kuma abin da ya haɗa su shi ne ba sa gauraya da ruwa. Mafi yawan wanda ake ci tiraigilisarid ne, wato ƙwayar gilisarol guda riƙe da sarƙoƙi uku na asid ɗin mai. Idan sarƙoƙin miƙaƙƙu ne sai su matse da juna, shi ya sa kitsen tsire ke daskarewa a takarda da zarar ya huce. Na man gyaɗa lanƙwasassu ne, don haka ba ya yin kauri. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, sitaci ko furotin kuwa 4 kawai.

Bitamin A, D, E da K a cikin mai suke narkewa, da shi kuma suke ratsa hanji. Ruwan matsarmama ne ke farfasa man zuwa ƙananan ɗigo kafin jiki ya tsotse shi. Wanda ya ci ganye ba ko ɗigon mai, kaɗan zai samu daga irin waɗannan bitamin da ke ciki.

Bitamin A shi ne na ido. Rashinsa ke kawo dundumi, yaro ya riƙa laluben hanya da magariba ta yi. Masu bincike McCollum da Davis ne suka gano bitamin ɗin a Amurka a 1913. Ana samunsa a hanta da ƙwai da man shanu, sannan jiki yana ƙera shi daga karotin, sinadarin da ya ba manja jansa. A nan Legas manja ya fi komai sauƙin samu, daga Mile 12 har Agege, sai dai masu miyar shinkafar ofada ta Yarbawa kan ƙona shi a tukunya har ya yi hayaƙi ya koɗe, karotin kuma da launin yake tafiya. Miyar ta yi daɗi, amma an yi asara. Tun 2002 doka ta tilasta a saka bitamin A a man girki da sukari da fulawa a Najeriya.

Fata ce ke yin bitamin D idan rana ta taɓa ta, hanta da ƙoda su ƙarasa aikin, shi kuma ya taimaka wa hanji jan kalsiyam domin ƙashi. Bitamin E yana kare man da ke bangon ƙwayoyin jiki daga lalacewa.

Bitamin K na daskarar da jini ne. Henrik Dam na Danmak ya gano shi ta gwaji kan 'yan tsaki, ya samu kyautar Nobel ta 1943 tare da Edward Doisy. Alayyahu da sauran ganyaye sun wadata da shi, amma jariri kan zo duniya da kaɗan, shi ya sa ake masa allurarsa bayan haihuwa.

Bitamin C a ruwa yake narkewa, don haka rararsa fita take yi ta fitsari. Ta A da D kuwa taruwa take a hanta da kitse, saboda haka yawan shan ƙwayoyinsu ba da izinin likita ba yana iya zama guba, musamman A ga mai juna biyu.