Maganin olsa da ƙwayoyin da ke kare hanjinmu

A garuruwanmu, da mutum ya ji ƙwannafi ko zafi a saman ciki sai ya yanke hukuncin cewa olsa ce, ya nufi kemis ya sayi omeprazole, wasu har su shafe watanni suna sha ba tare da likita ya duba su ba. Maganin yana da amfani ƙwarai ga mai gyambon ciki na gaskiya, amma wannan ɗabi'a tana damun mu ma'aikatan lafiya.

Asid ɗin da ciki ke fitarwa ba narka abinci kaɗai yake yi ba, yana kuma kashe yawancin ƙwayoyin cutar da muke haɗiyewa a ruwa da abinci. Idan magungunan rage asid irin su omeprazole ko pantoprazole suka danne shi na tsawon lokaci, ƙwayoyin da ya kamata su mutu a ciki sukan wuce hanji da ransu, su dagula zaman ƙwayoyi masu amfani da ke taimaka wa narkewar abinci da garkuwar jiki. A shekarar 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa irin waɗannan magunguna suna da alaƙa da matsananciyar gudawar da ƙwayar Clostridium difficile ke haddasawa. A wurinmu, inda kwalara da taifod ke yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa, lamarin ya fi muhimmanci, domin ƙwayoyinsu sun fi samun hanya idan asid ya yi ƙaranci.

Ƙwayoyi masu amfani irin su Lactobacillus, waɗanda ake sayarwa a kafso da sunan probayotik, suna nan a kindirmo da yogot, kuma suna iya rage gudawar da ke biyo bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai ba sa maido da asid ɗin ciki, saboda haka kada a ɗauke su hujjar ci gaba da shan omeprazole. A kuma tabbatar an tafasa madarar da za a yi kindirmo da ita kafin a kafa ta, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu.

Wanda ya sha omeprazole kwana 14 ciwon bai lafa ba, ya je asibiti a gwada shi ko yana da ƙwayar Helicobacter pylori, wadda ke haddasa yawancin gyambon ciki kuma ake warkar da ita. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina farat ɗaya sai da shawarar likita, mai aman jini ko baƙin bayan gida kuwa ya tafi asibiti a ranar.