Wai me ake nufi da "haɗin gwiwa" a ayyukan ɗalibai na onlayin?

Kwanan nan duk inda ka juya haɗin gwiwa kake ji. Ka kunna rediyo a ce maka shiri ya zo "da haɗin gwiwar" kamfani kaza, alhali kuɗin talla kawai kamfanin ya biya. Ɗan siyasa ya kai ziyara an ɗau hoto, shi ma wai haɗin gwiwa. Yanzu kuma kalmar ta shigo makarantu, tun da aka fara yayin haɗa aji biyu ta intanet, ɗaliban wata ƙasa da na wata su yi aiki kan zaman lafiya ko al'adu ko ƙirƙira. Ni ba ni da matsala da aikin fa, yadda ake liƙa sunan a kan komai ne ke ƙona min rai.

Malami ya ɗora laftof kan tebur, yara talatin sun cunkushe gaban kyamara suna ɗaga hannu, na can ma suna ɗagowa, netwok ya yanke sau uku, wata yarinya ta karanta waƙar zaman lafiya da kowa ya san malamin ne ya rubuta mata, aka tafa, minti arba'in na Zoom ɗin kyauta suka cika ya katse da kansa. Washegari hoto na Facebook an rubuta "aikin haɗin gwiwa na ƙasa da ƙasa". Haba dai. Gaisawa aka yi, kuma gaisuwa ba laifi ba ce, a kira ta da sunanta kawai.

Ku duba kalmar da kanta. Me ya sa gwiwa, ba hannu ba, ba kai ba? A Hausa gwiwa ce ma'ajiyar ƙarfi, shi ya sa muke cewa ƙarfin gwiwa, ko a ce gwiwarsa ta yi sanyi, ko an karya masa gwiwa. Ita ke ɗaukar nauyi in mutum zai miƙe da kaya. Haɗin kai ra'ayi ne ya zo ɗaya, kana kwance a ɗakinka ma za ka iya haɗa kai da mutane. Haɗin gwiwa kuwa a fahimtata kaya ne aka ɗaga tare, in ɗaya ya saki sai ya faɗo wa ɗayan a ƙafa.

Akwai wani gwaji da ya fi min kowane bayani. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Muzafer Sherif, haifaffen Turkiyya, ya kai yara maza 22 'yan wajen shekara 11 wani sansani a Robbers Cave da ke jihar Oklahoma a Amurka. Aka raba su gida biyu, aka sa su gasa, kafin ka ce kwabo sun fara zagin juna, an ƙona tuta, ana kai hari ɗakunan kwana. To sai aka ce bari a sasanta su ta hanyar haɗa su wuri guda, su kalli fim tare, su ci abinci a zaure ɗaya. Ina! Jifan juna suka koma yi da abincin. Abin bai fara sauyawa ba sai da masu binciken suka toshe hanyar ruwan sansanin da gangan, dole yaran suka fita neman inda matsalar take tare saboda ƙishirwa ba ta san ɓangare ba, daga baya kuma motar sansanin ta ƙi tashi, suka ɗaura mata igiyar nan da suka yi gasar ja-in-ja da ita, duka suka ja har ta tashi. Ranar komawa gida su da kansu suka nemi a sa su a bas ɗaya. An soki gwajin daga baya, kuma da gaskiyar masu sukar, don manya ne suka hura wutar faɗan tun farko. Amma bambancin kallon fim da jan mota yana nan daram, kuma yawancin abin da ake kira haɗin gwiwa a azuzuwan onlayin kallon fim ne.

Harkar ma ba sabuwa ba ce kamar yadda ake zuzutawa. Tun 1988, ana cikin yaƙin cacar baka, aka haɗa makarantun jihar New York da na Mosko ta kwamfuta, abin da ya zama iEARN, cibiyar da ke haɗa makarantun ƙasashe daban-daban su yi aiki tare ta intanet. Tarayyar Turai ta fara nata shirin haɗa makarantu ta intanet, eTwinning, a 2005.

Aiki na gaske yakan zo kamar haka: aji ɗaya ya rubuta farkon labari, ɗayan ya ci gaba, na farko ba su san inda za a kai musu jarumin ba, su ji haushi, su yi gardama a guruf, sai an yi sulhu kafin a samu ƙarshe. Wannan gardamar ita ce darasin zaman lafiyar, amma ita malamai suka fi gudu don ba ta kyau a hoto.

Sai wani abu da ba a son faɗa. Sau da yawa ajin da ke da intanet mai ƙarfi da kwamfuta ga kowane ɗalibi su ke zaɓen maudu'i, su tsara, su haɗa bidiyon, su sa kiɗa, ɗaya ajin kuma a ce su turo hotunansu sanye da kayan gargajiya, shi ke nan rabonsu. A ƙarshen bidiyon sunan makarantu biyu ne zai fito, girman rubutu ɗaya. Ka tambayi yaran aji na biyu me bidiyon ya ƙunsa, wasunsu ko kallonsa ba su yi ba, data ba ta isa ba.