Waiwaye: Dala 199 da Amurkawa suka ɗauka kuɗin waya ne

Wanda ya saba shiga Farm Centre a Kano ya zaɓi waya, ya biya kuɗinta lakadan, ya sa mata layin da ya ga dama, zai yi mamakin jin cewa Amurkawa sun shafe shekaru suna sayen waya ba su san ainihin kuɗinta ba. A can kamfanin layi ne ke sayar wa yawancin mutane waya, kuma a waɗancan shekarun farashin da yake mannawa a shago somin-taɓi ne kawai.

Ranar 29 ga Yunin 2007 kamfanin Apple ya fitar da iPhone ta farko, mai ƙaramin wurin ajiya a dala 499, babbar a 599, kuma ba ta aiki sai da layin AT&T, bisa sharaɗin zama da su shekara biyu. Watan Satumba na kamawa aka zabge dala 200 daga kuɗin babbar. Waɗanda suka kwana a ƙofar shago don su riga kowa suka yi wa kamfanin ca, har sai da shugabansa na lokacin, Steve Jobs, ya lallashe su da dala 100 ta sayayya a shagunan Apple.

Dabarar da ta zauna daram ta zo ne a 2008, da iPhone 3G. Aka ce dala 199, wato an rage dala 200 daga 399 ɗin da ake sayar da ta farkon. A bayan fage AT&T ke cika wa Apple ragowar kuɗin, shi kuma ya fanshe daga kuɗin wata. A daidai lokacin aka ɗaga kuɗin data daga dala 20 zuwa 30. Lissafin ba shi da wuya: dala 10 sau wata 24 ya kama 240, ya ma zarce dala 200 ɗin da aka ce an rage. Duk da haka talla ta yi tasiri, 199 ta zama kamar doka. A haka aka sayar da iPhone 4, da 5, da 6, haka ma Galaxy S III ta Samsung, alhali wanda ya nemi iPhone 5 ba kwantiragi dala 649 zai ajiye.

Mai son tserewa kafin wa'adi kuwa tara ke jiransa. Kamfanin layi na Verizon ya kai tasa dala 350 a 2009, AT&T ya bi da 325 a 2010. Abin da ya fi ban haushi a ganina shi ne, in shekara biyun ta cika kuɗin wata ba ya raguwa. Mai tattali da ya ci gaba da riƙe tsohuwar wayarsa yana biyan kuɗin sabuwar da bai karɓa ba. To wa zai zauna? Da haka canza waya duk shekara biyu ya zame wa mutane jiki.

T-Mobile ne ya fasa ƙwan, ba don tausayi ba, sai don shi ne na huɗu a girma cikin kamfanonin layin Amurka kuma abokan hulɗa na gudunsa. A Maris 2013 shugabansa John Legere ya soke kwantiragi, ya raba kuɗin layi da kuɗin waya: iPhone 5 a ba da kusan dala 100, sannan dala 20 duk wata har wata 24. Verizon ya bi sahu a Agustan 2015, AT&T a Janairun 2016.

An zaci da farashi ya fito fili zai sauko. Sai ga iPhone X a Nuwamban 2017 a dala 999, Galaxy Fold kuma a 2019 dala 1,980. Gaskiya ne fuskar waya da kyamara sun ƙara inganci da tsada, amma biyan kaɗan-kaɗan ya share hanya. Tsakanin 649 da 999 akwai dala 350. In an raba wata 24 bai kai dala 15 a wata ba, mai saye kuma na watan yake kallo.

Yanzu AT&T da Verizon sun miƙa wa'adin biya zuwa wata 36. Sukan ce kawo tsohuwarka ka karɓi sabuwa kyauta, amma kyautar ana yanko ta ne kaɗan-kaɗan daga kuɗin kowane wata, galibi kuma sai kana kan tsari mai tsada. Ka bar su a wata na goma, rangwamen ya tsaya, ragowar bashin ya hau kanka. An dai canza wa tuwo suna, igiyar ma ta ƙara shekara guda.

Ɓurɓushin wannan tsari yana iso mu. Cikin wayoyin hannu na biyu da ake shigowa da su kasuwanninmu akwai waɗanda kamfanin layi ya kulle, wasu ma ba a gama biyan bashinsu ba. Shi ya sa za ka ga iPhone biyu iri ɗaya a teburi ɗaya kuɗinsu ya bambanta: ɗaya a buɗe take, ɗayar sai mai gyara ya maƙala wani siririn cif a jikin sim kafin ta karɓi MTN ko Airtel.