Waiwaye: Yadda Sambo ya zama zagi a littattafan yara

A Kano in aka kira Sambo, mutum ne zai amsa, wataƙila ma dattijo mai rawani, don suna ne da Fulani ke raɗa wa ɗa na biyu. A Amurka kuwa, kira baƙar fata da wannan suna ka ga tashin hankali. Tun zamanin bauta turawan can suka mai da shi sunan raini, sannan wani ɗan littafi ya kai shi har ɗakin yara.

Littafin shi ne The Story of Little Black Sambo, wanda Helen Bannerman, 'yar Sikotlan mazauniyar Madras a Indiya, ta fitar a 1899. Labarin kansa tamkar tatsuniyar Gizo ne: damisoshi sun ƙwace wa yaro tufafinsa, suka kaure da faɗa suna zagaye bishiya har suka narke suka zama man shanu. A zanen gizo ke saƙa. Yaro baƙi wuluk, leɓɓa jajaye jawur, idanu a zazzare. Masu buga littattafai a Amurka da suka riƙa sake fitar da shi suka ƙara wa zanen muni, yaron Indiya ya koma abin yi wa 'yan Afirka dariya.

Na Beljiyam ya fi cin rai. A littafin zane-zane Tintin au Congo na 1931, mai zane Hergé ya zana jarumin labarin, Bature Tintin, a gaban allo yana koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu. A bugun 1946 aka mai da darasin na lissafi, amma fuskokin na nan yadda suke. Wani ɗan Kwango ya kai ƙara a hana sayar da shi, kotun Brussels ta ƙi a 2012. Shi ma marubucin Birtaniya Roald Dahl, a littafinsa Charlie and the Chocolate Factory na 1964, ma'aikatan kamfanin cakulan gajerun mutane ne da aka kwaso daga dajin Afirka, sai a 1973 ya sauya musu kama bayan an yi masa ca.

Baƙaƙen Amurka ba su zauna jira ba. W.E.B. Du Bois ya kafa wa yaransu mujallar The Brownies' Book a 1920. Duk da haka, da masaniyar ilimi Nancy Larrick ta ƙirga littattafan yara 5,206 da aka buga a Amurka daga 1962 zuwa 1964, guda 349 kacal ta samu da baƙar fata a ciki. A nan gida, irin littattafan da 'yarsa ke karantawa ne suka dami Chinua Achebe, ya rubuta Chike and the River, aka buga a 1966.

Mu a Arewa mun taki wata sa'a. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, amma sai da ya sa musu riga da hula tukun. Ɗan firamare ya buɗe littafi ya tarar da Sarki, Waziri da aku, ba wanda ya yi masa kallon baƙo.

Yanzu fa? Zagaya teburin masu littattafan gwanjo a Sabon Gari, ko ka leƙa jakar ɗan makarantar kuɗi: gimbiyoyi masu gashin zinare ne da dusar ƙanƙara. Ba ma sai mun ɗora wa Bature laifin duka ba. A littattafanmu na soyayya, waɗanda 'yan mata ke fara karantawa tun suna ƙaramar sakandare, sau nawa jaruma ba fara sol ba ce, mai dogon hanci da gashi har gadon baya? Kwanan baya na ba 'yar yayata takarda na ce ta zana min amarya. Ta tsallake kala mai ruwan ƙasa ta ɗauki ruwan hoda, na ce don me, ta ce, "Kawu, ai amarya fara ce."